DA TSOHUWAR ZUMA AKE MAGANI? TARIHIN TSOFAFFIN JITOCIN LANTARKI DA DALILIN TSADARSU

A wannan karon za mu ɗan ajiye ƙagaggun labarai a gefe, mu leƙa wani labari na gaskiya da ya faru a ƙasashen Amurka da Ingila, wanda in da marubuci ne ya ƙirƙiro shi da an ce ya cika zuzutawa.

A shekarar 1959 kamfanin Gibson da ke garin Kalamazoo a jihar Michigan ta Amurka yana sayar da wata jita mai amfani da lantarki, mai suna Les Paul Standard, a kan dala 265. Masu saye suka yi ƙaranci, har ta kai kamfanin ya daina ƙera ta a ƙarshen 1960. A watan Janairun 2024 kuwa, aka yi gwanjon guda ɗaya tak daga cikin irin waɗannan jitoci na 1959 a gidan gwanjo na Christie's da ke Landan, aka saye ta fam 693,000. Katakon dai shi ne, wayoyin ma su ne, sai tsufa da suka ƙara. To me ya hau kanta haka? Masoyanta suna cewa inganci ne, an daina yin irinta, da tsohuwar zuma ake magani. Wasu kuma suna cewa ruɗin kasuwa ne kawai. Mu bi tarihin daki-daki, domin kowane ɓangare yana da tasa gaskiyar, sai dai ta wani ta fi ta wani nauyi.

YADDA JITA TA SAMU LANTARKI

A shekarun 1920 zuwa 1930, makaɗin jita shi ne ɗan bora a cikin manyan ƙungiyoyin kiɗa na Amurka. Ana busa ƙahonni, ana dukan ganguna, shi kuwa komai kaɗa tsirkiyar da zai yi ba a jin ɗuriyarsa. A 1932 wasu mutum biyu a birnin Los Angeles, George Beauchamp da Adolph Rickenbacker, suka fara sayar da wata jita mai kama da kaskon suya, wadda ake haɗa ta da lasifika.

Sirrin abin yana cikin wata 'yar na'ura da ke kwance a ƙarƙashin tsirkiyoyi. Maganaɗisu ne aka naɗe shi da siririyar wayar tagulla, zagaye dubbai. Idan tsirkiyar ƙarfe ta yi rawa a samansa sai ta haifar da 'yar wutar lantarki a cikin wayar, amfilifaya ta ƙara mata ƙarfi, lasifika ta fitar da sauti. Wannan na'ura ita ce kunnen jita, kuma haka za mu riƙa kiran ta a nan.

Sai dai jitocin farko masu rami a ciki suna da wata matsala. Da zarar an ƙure musu murya sai su ɓarke da kururuwa, irin wadda lasifikar wurin taro kan yi idan an matso da makirfo kusa da ita. Maganin shi ne a yi gangar jikin da tsuran katako marar rami. Wani makaɗi mai suna Les Paul ya gwada haka wajen 1940 da wani guntun gungume, ya kai wa Gibson, suka yi masa dariya suka sallame shi.

Wanda ya fara cin kasuwar abin shi ne Leo Fender, wani mai gyaran rediyo a garin Fullerton na jihar Kalifoniya, mutumin da bai ma iya kaɗa jita ba. A 1950 ya fito da tasa, falan katako guda da aka yanke, aka ɗaura masa wuya da noti huɗu. Dabararsa ita ce a ƙera da yawa cikin sauri, in wuya ya lalace a kwance a sa wani. Ya sa mata suna Broadcaster, sai kamfanin Gretsch ya yi ƙorafi cewa yana da ganguna masu irin wannan suna. Leo mutum ne mai tsimi, maimakon ya zubar da takardun tambarin da ya riga ya buga, sai aka sa almakashi aka riƙa yanke sunan ana manna sauran. Haka jitoci suka yi ta fita babu suna na wasu watanni a 1951, kafin a raɗa mata Telecaster. Waɗannan marasa suna, da tsimi ya haifar, yau suna cikin waɗanda ake rububi. A 1954 ya fito da Stratocaster mai kunnuwa uku a kan dala 249.50.

Ganin haka sai Gibson suka farga. Shugabansu Ted McCarty ya nemo Les Paul ɗin nan da suka yi wa dariya, aka ƙulla yarjejeniya, a 1952 aka fito da jita mai ɗauke da sunansa, mai fuska ruwan zinare, a kan dala 210.

KAYAN DA AKA ƘI SAYE

Jitar Gibson ta bambanta da ta Fender. Bayanta katakon mahogani ne, wanda dangin maɗacinmu ne, fuskarta kuma icen mapul ne da aka sassaƙa ya yi tudu, wuyanta da gam aka liƙa shi. A 1957 aka sa mata sabon kunne da wani injiniyan kamfanin mai suna Seth Lover ya ƙirƙiro, mai naɗin waya biyu da ke kashe gurnanin nan da wutar lantarki ke sa wa lasifika. A ƙarƙashin kowane kunne an manna 'yar takarda da ke cewa an nemi rajistar mallakar fasahar, daga nan ne aka samo laƙabin PAF da ake kiran waɗannan kunnuwa da shi har yau.

Duk da haka ciniki sai ja da baya yake yi. A 1958 kamfanin ya sauya mata launi ko za a dace, aka cire ruwan zinare aka yi mata ja a gefe-gefe, tsakiya rawaya, yadda ana ganin zanen icen ta cikin fenti. Ita ce ake yi wa laƙabi da Burst. Ba ta karɓu ba. Makaɗa suka ce ta yi nauyi, ta yi kama da kayan dattawa, samari kuwa hankalinsu yana kan Fender. Kuma ba ta da araha, domin dala 265 ta wancan lokacin ta kai wajen dala 3,000 a kuɗin yau, ban da akwatinta. Daga 1958 zuwa 1960 abin da aka fitar gaba ɗaya bai wuce guda 1,700 da 'yan kai ba. A 1961 aka maye gurbinta da wata siririya mai ƙahonni biyu, wadda daga baya aka kira SG.

Har da wani aibi a jikinta. Jan rinin da aka yi amfani da shi ba ya jure rana, saboda haka wadda ta daɗe a tagar shago ana jiran mai saye sai jan ya koɗe, ta koma ruwan zuma ko ruwan lemun tsami. A 1960 kamfanin ya sauya rinin don gyara wannan. Mai karatu ya riƙe wannan batu, domin koɗewar nan ta zama abin ado da ake biyan kuɗi a kansa daga baya.

SAMARIN INGILA SUN TONO TA

Shekaru kaɗan bayan haka, a can Ingila, wasu samari suka kamu da son kiɗan bulus na baƙaƙen fatar Amurka, suna sayen faya-fayan su Freddie King suna kwaikwayo. Keith Richards na ƙungiyar Rolling Stones ya riƙe Les Paul ta 1959 tun 1964. Amma wanda ya tayar da ƙurar shi ne Eric Clapton. Ya sayi tasa ta hannu a wani shago a Landan, ya haɗa ta da amfilifayar Marshall ya ƙure mata murya, ya yi faifai tare da John Mayall wanda ya fito a watan Yulin 1966. Sautin da ya fito mai kauri ne, mai jan numfashi kamar muryar mutum, irin wanda kunnuwan mutane ba su saba da shi ba. A cikin wannan shekarar aka sace jitar a wurin da sabuwar ƙungiyarsa ta Cream ke gwaji, kuma ba ta dawo hannunsa ba.

Nan da nan kowane saurayi mai kaɗa jita ya shiga neman irin ta Clapton, sai aka tarar an daina yi. Peter Green ya samu, Mike Bloomfield a Amurka ya samu, Jimmy Page ya sayi tasa a hannun Joe Walsh a 1969. Sauran kuwa sai bin shagunan jingina da gidajen mutane, ana ciro su daga ƙarƙashin gado. Da Gibson suka ga haka sai suka dawo da Les Paul a 1968, amma mai ruwan zinare da baƙa suka dawo da su, ba wadda ake nema ba. Ashe an buɗe wata sabuwar kasuwa ke nan, wadda a cikinta na hannu ya fi sabo tsada.

KAMFANONI SUN SHIGA HANNUN 'YAN KASUWA

Da wannan kaɗai ne da ƙila abin ya tsaya a kan jita guda. Abin da ya faɗaɗa shi shi ne sauyin hannu da manyan kamfanonin biyu suka yi. A watan Janairun 1965 Leo Fender, saboda rashin lafiya, ya sayar da kamfaninsa ga gidan rediyo da talabijin na CBS a kan dala miliyan 13. Ted McCarty ya bar Gibson a 1966, a 1969 kuma kamfanin ya faɗa hannun wasu 'yan kasuwa da aka sani da Norlin, waɗanda asalin harkarsu ta haɗa da giya da siminti a ƙasar Ekwado.

Sababbin masu gida suka sa ido a kan yawa da riba. A Fender aka ƙara girman kan jita, aka bar siririn fentin da ake fesawa a da aka koma wani mai kauri kamar roba, a 1971 aka rage notin wuyan Stratocaster daga huɗu zuwa uku. A Gibson aka riƙa haɗa gangar jiki da falle-fallen katako ana liƙawa. Jitoci da yawa na shekarun 1970 suka fito da nauyi, wasu wuyansu na motsi a mazauninsa. Ba dukkansu ne suka lalace ba, amma sun isa su ɓata suna. Daga nan makaɗa suka fara tambayar mai shago, wannan ta kafin CBS ce ko ta bayansa? Hausawa na cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma a wannan gaɓar makaɗan suna da hujja, domin jitar 1962 ta hannu ta fi sabuwar 1975 daɗin riƙo a mafi yawan lokuta, kuma a wancan zamanin ba ta fi ta tsada sosai ba.

Dillalai na musamman suka ɓullo. George Gruhn ya buɗe shagonsa a Nashville a 1970, ya shiga rubuce-rubuce yana bambance shekara da shekara. Aka fara buga littattafai da mujallu na farashi. Su kuwa kamfanonin sai da suka kusa durƙushewa. An rufe masana'antar Kalamazoo a 1984, ma'aikatan Fender ƙarƙashin Bill Schultz suka saye kamfaninsu daga CBS a 1985, Gibson ma aka sayar da shi a 1986 a kan dala miliyan 5.

INA GASKIYAR INGANCIN?

Akwai abubuwan da ba a musu a kansu. Katakon wancan zamani daga manyan tsofaffin bishiyoyi aka yanko shi, ana kuma iya zaɓen marar nauyi. Icen rozwud na ƙasar Brazil da ake shimfiɗawa a fuskar wuya ya yi ƙaranci tun ƙarshen shekarun 1960 aka koma na Indiya, a 1992 kuma yarjejeniyar duniya ta CITES ta hana cinikinsa tsakanin ƙasashe sai da tsauraran sharuɗɗa. Sannan aikin hannu ya fi yawa. Masu bincike sun san sunayen wasu ma'aikatan, kamar Tadeo Gomez da ke sassaƙa wuya yana rubuta haruffan sunansa da fensir a gindi, da Abigail Ybarra wadda ta shiga Fender a 1956 ta shafe fiye da shekara hamsin tana naɗa wayar kunnuwa, sai a 2013 ta yi ritaya.

Amma shi aikin hannun nan kaifi biyu gare shi. Injinan da suka naɗa kunnuwan PAF ba su da abin tsayar da kansu idan ƙirga ta cika, sai ma'aikaci ya duba ya ga ta yi ya kashe. Shi ya sa wani kunnen ya fi wani yawan waya, maganaɗisun ma wanda ya samu ake sawa. Ke nan babu wani abu guda da za a kira sautin 1959. Akwai masu daɗi ƙwarai, akwai na tsaka-tsaki, akwai waɗanda makaɗan da suka taɓa su da yawa suke faɗa cewa ba su da wani armashi. Kuma a tuna, shekara sittin da ɗoriya sun yi tankaɗe. Wadda ta yi daɗi an riƙe ta an kula da ita ana ba da labarinta, wadda ba ta yi ba an jefar da ita a lungu ko an farke ta an sayar da sassanta.

Sai batun ko za a iya sake yin irinta. Mutanen Japan ne suka fara ba da amsa. A ƙarshen shekarun 1970 kamfanoni irin su Tokai da Greco suka samo tsofaffin jitocin Amurka suka auna su ciki da waje, suka riƙa fitar da kwafin da ya fi sababbin Amurka na lokacin kama da na asali. Abin ya kai Fender da kansa ya buɗe reshe a Japan a 1982, a shekarar kuma ya fara sake ƙera samfurin shekarun 1950 da 1960, bayan ya nemo tsofaffin jitocinsa ya auna. Yau akwai na'urorin kwamfuta da ke sassaƙa wuya daidai da na da, ba ƙari ba ragi.

Masu kare tsofaffin sukan ce kama da wane ba wane ba ce. To sai an gwada akan san na ƙwarai. An yi wani gwaji a kan gogen Turawa, wanda tsofaffinsa suka fi jita tsada da suna. A 2012, kusa da birnin Faris na Faransa, wata mai bincike Claudia Fritz da abokan aikinta suka tara shahararrun makaɗa goma, aka sa musu tabarau mai duhu, aka ba su goge 12, shida sababbi shida tsofaffin Italiya, biyar daga ciki na Stradivari. Mutum shida cikin goman suka zaɓi sabo, kuma da aka ce su bambance tsoho da sabo ba su fi mai canke ba. In haka ta faru ga kayan kiɗan da katako ne ke fitar da sautinsa kai tsaye, ina ga jitar da sautinta sai ya bi ta waya da amfilifaya da lasifika? Ga kuma Jimi Hendrix, wanda da yawa ke ɗauka shi ne sarkin makaɗa jitar lantarki. Farar Stratocaster da ya kaɗa a taron Woodstock a 1969 ƙirar 1968 ce, wato ta zamanin CBS ɗin nan da ake kushewa.

ABIN DA GWANJO YA TONA

Idan ana son a san abin da mutane ke saye da gaske, a duba inda suka zuba kuɗi. A nan za a ga kasuwar ta rabu biyu, kuma dokar kowace ta saɓa wa ta ɗayar.

A kasuwa ta farko, ta jitar da ba wani sananne ne ya riƙe ta ba, abin da ake nema shi ne kada a taɓa komai. Dillalai suna bin ƙa'idar cewa sake fenti yana zubar da kusan rabin farashi, ko da sabon fentin ya fi kyau. Ana duba dalmar da aka liƙe wayoyi ko an taɓa narka ta. Launi ma yana da nasa hukuncin. Fender yakan fesa fentin motoci na kamfanin DuPont ga wanda ya biya ƙarin kashi 5 cikin 100, kuma da yake kaɗan ne suka biya, irin waɗannan launuka yau sun ninka na gama-gari tsada. Kunne ba ya jin launi, wannan kowa ya sani. Ƙarancin abin ake biya.

A kasuwa ta biyu, ta jitocin mashahurai, duk waɗannan dokoki sun faɗi. A 1970 Eric Clapton ya sayi tsofaffin Stratocaster guda shida da araha a wani shago a Nashville, ya ba George Harrison da Steve Winwood da Pete Townshend ɗai-ɗai, sauran ukun ya farke su ya haɗa guda ɗaya da ya kira Blackie. A ƙa'idar dillalai wannan haɗe-haɗe ce marar daraja. A watan Yunin 2004 aka saye ta dala 959,500, kuɗin ya tafi cibiyar da ya kafa ta kula da masu shaye-shaye. Baƙar Stratocaster ta David Gilmour ƙirar 1969 ce, zamanin CBS, an sauya mata wuya sau da yawa, an huda ta an toshe. A 2019 aka saye ta dala 3,975,000, farashin da a lokacin babu jitar da ta taɓa kai shi a gwanjo. Fender Mustang ta Kurt Cobain, ita ma ta 1969, samfuri ne da aka yi don 'yan koyo, amma a 2022 ta haura dala miliyan 4.5. Les Paul ɗin Peter Green kuwa, maganaɗisun kunne ɗaya a juye yake, wuyanta ya taɓa karyewa a hannun Gary Moore, duk da haka Kirk Hammett na ƙungiyar Metallica ya saye ta da tsada a 2014, kuma juyayyen maganaɗisun nan shi ne abin da ake yabo a sautinta.

Hujja mafi ƙarfi tana cikin gwanjon nan na Landan da muka fara da shi. Jitar 1959 da aka saya fam 693,000 ta Mark Knopfler ce na ƙungiyar Dire Straits. A wannan rana aka sayar da wata Les Paul tasa ƙirar 1983, wadda kwaikwayon ta 1959 ce kawai, amma da ita ya yi wasu fitattun waƙoƙinsa ya kuma hau dandalin Live Aid a 1985. An saye ta fam 592,200. Kwafi ta kusa kamo ta asali, alhali 'yan'uwanta na shekarar da babu sunan kowa a kansu ba su kai ko kusa da wannan ba. Mu da muke sana'ar ba da labari bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba, mun san mutum yana iya biyan kuɗi don a ba shi labari, ya kuma ji bai yi asara ba.

Kamfanonin ma sun gane haka. A 1995 Fender ya fara sayar da sababbin jitoci da aka tsufar da su da gangan, a karce fenti, a sa wa ƙarfe tsatsa, a goge wuya kamar hannu ya shekara talatin yana bi. Gibson ya buɗe nasa sashen na irin wannan aiki a 2021. Mai saye yana biyan ƙari a kan sabuwa fil domin a ba shi mai tabo.

JABU DA FAƊUWAR FARASHI

Inda kuɗi ya taru, macuta ba sa nisa. Dillalai suna da wani barkwanci, wai cikin 1,700 da aka ƙera, dubu biyu da wani abu ne kawai suka rage. Ana ɗauko mai ruwan zinare ta farkon shekarun 1950 a kankare ta, a sauya kunnuwa, a fesa mata launin Burst. In an faɗi gaskiya ciniki ne halal, in an ɓoye kuwa damfara ce ta dubban ɗaruruwan daloli. Jitar Fender ta fi sauƙin cuta, domin dabarar nan ta Leo ta noti huɗu tana ba da damar a ɗauki wuyan wannan a haɗa da jikin waccan, a mayar da jita ɗaya ta asali ta zama biyu ko uku, kowace da ɗan gutsuren gaskiya a jikinta. Shi ya sa masana ke kwance wuya su duba kwanan watan da aka rubuta da fensir, su karanta lambobin da ke bayan maɓallan murɗa sauti waɗanda ke nuna shekara da makon da aka yi su, su haska fenti da wata fitila ta musamman don a ga inda aka yi faci.

Farashin ma ba kullum yake hawa ba. Ya yi tashin gwauron zabo daga farkon shekarun 2000 zuwa 2007, lokacin da mutanen da suka tashi da kiɗan su Clapton suka zama attajirai, wasu har suna cin bashi su saya don su sayar. Da tattalin arzikin duniya ya karye a 2008 sai ya rikito, waɗanda suka saya a ƙololuwa suka shafe shekaru suna jiran uwar kuɗinsu. Kuma akwai tambayar da ke damun masu wannan dukiya, shin jikokin da ba su tashi da waɗannan waƙoƙi ba za su yarda su biya irin wannan kuɗi?

Wata asarar kuma ta makaɗa ce. Kayan da aka ƙera don a kaɗa a gidajen rawa ya koma cikin akwatunan ƙarfe da ɗakuna masu sanyi, matashin da ya fi kowa iya kaɗawa ba ya ko iya taɓa shi. Sai dai tarihin da kansa ya nuna cewa hakan bai taɓa hana mai baiwa fitowa ba. Brian May na ƙungiyar Queen shi da mahaifinsa suka ƙera tasa a gida tun daga 1963, da katakon wani tsohon murhu, da ita kuma ya yi suna. Nan kusa da mu a Jamhuriyar Nijar, Mdou Moctar, ɗan Abzinawa, ya haɗa jitarsa ta farko da guntun katako da wayar birkin keke, waƙoƙinsa suka yaɗu ta katin wayar hannu kafin su kai shi manyan dandamalin Turai da Amurka.

Saboda haka in aka ce tsofaffin jitocin nan suna da inganci, an faɗi gaskiya, musamman in an gwada su da na shekarun 1970 da suka biyo baya. Amma ingancin da kunne ke ji da wanda hannu ke taɓawa, mai sana'a nagari yana iya ba ka shi yau a kan 'yan dubban daloli. Sauran dubban ɗaruruwan kuɗin ƙaranci ne da kuɗin labari, wato wa ya riƙe ta, a wane faifai aka ji ta, wace shekara aka fesa mata fenti. Wanda ya san haka ya kuma saya da kuɗinsa, ya sayi kayan tarihi, babu mai ganin laifinsa. Wanda kuwa ya saya yana zaton zai wayi gari yana kaɗawa kamar Clapton, sai ya tuna cewa lokacin da Clapton ya ɗauki tasa a 1965, kayan hannu ce da ba ta wuce shekara shida da ƙerawa ba, wadda kamfaninta ma ya riga ya yafe.

Allah Ya sa mu dace.